Ma'aikatan Ƙofar Kaura da Ƙungiyoyin da Ba Su San da Su Ba

Ƙofar Kaura ce ƙofar da birnin Katsina ke fuskantar Kano da ita. Sunanta na sarautar Kaura ne, jagoran mayaƙan Katsina a zamanin da, amma masu bi ta wurin a yau masu neman abinci ne. Tun kafin a buɗe gadar ƙasa da aka gina a wurin a watan Janairun 2023, hanyar da ta fita daga ƙofar ta nufi sakatariyar jiha ta riga ta zama babbar hanyar masu aiki a birnin. Ma'aikata iri biyu ke bin ta kowace safiya. Akwai masu zuwa ofis, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da akawuna, waɗanda ake cire musu kuɗin ƙungiya daga albashi tun bai shigo hannunsu ba, kuma in an kira yajin aiki da sunansu ake kira. Akwai kuma waɗanda bakin titin ne wurin aikinsu: direbobin Keke Napep, 'yan acaɓa, kanikawa, masu faci, masu walda, masu POS a ƙarƙashin lema, 'yan dako, da leburorin da ke jiran mai gini ya zo ya ɗebe su. Na biyun sun fi na farkon yawa nesa ba kusa ba. Tarihin aiki a Katsina ya nuna cewa duk lokacin da irin mutanen da ke aiki suka canza, koyarwa ce take ɗaure baƙi da 'yan gida su zama jama'a guda. Ƙungiyar ƙwadago ta zamani ta samu hanya mai sauƙi ta tara mambobi, wato takardar albashi, sai ta yi sakaci da koyarwar. Yanzu da akasarin masu aiki ba su da wannan takarda, ba ta da hanyar isa gare su in ba wadda ta yi watsi da ita ba.

Cakuɗuwar masu sana'a ba baƙon abu ba ne a Katsina. Birnin ya yi ƙarni da dama yana karɓar Wangarawa da Barebari da Buzaye da Larabawan Sahara da Nufawa, kowa da hajarsa, kowa da abin da ya iya. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna yadda shigowar baƙi da zamansu ya gina unguwannin birnin da tattalin arzikinsa. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya tarar da birnin ya ja baya idan aka kwatanta da Kano, duk da haka ya rubuta dogon jerin sunayen unguwanninsa. Abin da ya riƙe wannan taron shi ne tsarin sana'a. Maƙera na da Sarkin Maƙera, mahauta na da Sarkin Fawa, wanzamai na da Sarkin Aska, magina ma da nasu. Shugaban sana'a shi ke sasanta rikici, shi ke tattara abin da fada ta aza wa 'yan sana'ar, shi ke tara su in sarki na da aiki, kamar gyaran ganuwa ko ƙera makamai. Amma ba sarautar ce ke mayar da baƙo ɗan gida ba, zaman koyo ne. Yaro zai yi shekaru a maƙera yana zuga kafin a bar shi ya riƙe masaba, kuma a cikin waɗannan shekarun yana koyon abin da ya wuce sarrafa ƙarfe. Yana koyon farashi, da yadda ake magana da mai kaya, da abin da ɗan sana'a ba ya yi wa ɗan'uwansa ko da kuwa yunwa za ta kashe shi. Ilimin littafi ma bai yi nisa da wannan duniyar ba, domin ɗaya daga cikin manyan waliyyan birnin a ƙarni na 17, Wali Ɗan Marina, da sana'ar rini aka san sunansa.

Wannan tsari ba ƙungiyar ƙwadago ba ne, kuma bai kamata a yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Yawancin sana'o'in gado ne, bayi na yin aiki mai yawa ba tare da bakin magana ba, wasu sana'o'in kuma ana raina masu yin su har a wajen aure. Shugaban sana'a ya fi zama wakilin fada a wurin 'yan sana'a fiye da wakilinsu a wurin fada. Abu ɗaya ne ya cancanci a ɗauka daga gare shi: mutum ba ya zama ɗan ƙungiya sai an koya masa.

Da Turawa suka zo, aikin albashi ya shigo Nijeriya ta tashar jiragen ruwa da layin dogo da ramin haƙar ma'adinai, kuma a nan ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ƙarfi. Dokar da ta halatta su ta fito a 1938. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya wuce kwana 40, ma'aikatan jirgin ƙasa ne ƙashin bayansa, Michael Imoudu kuma shi ne gwarzonsa. Kisan mahaƙa kwal 21 a Inugu a watan Nuwamban 1949 ya ƙara haɗa ƙwadago da neman 'yancin kai. Birnin Katsina yana gefen duk wannan, saboda dalili ɗaya mai sauƙi: jirgin ƙasa bai taɓa zuwa birnin ba. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya wuce Gusau zuwa Ƙauran Namoda, gyaɗa da audugar arewacin lardin kuwa a mota ake kai su Kano. Katsinawan da suka yi aikin lebura mai yawa, ci-rani suka tafi, wasu kuma aka ɗebe su ala tilas zuwa haƙar kuza a Jos a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin birni, babban mai ɗaukar ma'aikata En'e ce, kuma kan En'e Sarki ne, Muhammadu Dikko har zuwa 1944, sannan Usman Nagogo. Malamin haraji ko malamin asibiti ko ɗan doka ba ya kallon kansa a matsayin wanda ya sayar da ƙarfinsa ga mai kamfani. Bara ne na sarki, ta hannun wani babba ya samu aikin, kuma in yana da kuka ta hannun wannan babban zai kai shi. Yajin aiki a irin wannan zama butulci za a kira shi.

Shi ya sa ƙungiyar ma'aikata ta shigo wannan yanki ta ƙofar makaranta. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a farkon shekarun 1920 don horar da malamai kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, ta yaye irin mutanen da Arewa ba ta saba da su ba: masu albashi saboda takardar shaida, waɗanda za a iya tura su kowane lardi, waɗanda kuma suka san nawa ake biyan takwarorinsu a Legas. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk ta can suka bi. A 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, alhali ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, tana nan tun 1931. Kafa ta dabam ya nuna matsalar da ke ƙasa. Ma'aikatan Arewa na wancan lokaci kashi biyu ne. Ƙwararrun masu aikin hannu da akawunan kamfanoni da ma'aikatan gidan waya yawancinsu 'yan Kudu ne, su ke riƙe da ƙungiyoyi, da Turanci ake taro, da Turanci ake rubuta takardar koke. Leburorin kuwa 'yan Arewa ne, ana neman su ranar yajin aiki, ba a neman su ranar zaɓen shugabanni. Da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati a shekarun 1950, ba ta sha wahala ba wajen nuna wa leburan Bahaushe cewa ƙungiya kayan baƙi ce. Ƙungiyoyin ne suka ba ta wannan dama, domin ba su ɗauki nauyin koyar da shi da harshensa ba.

Wanda ya ɗauki wannan nauyi gwamnati ce. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Bakatsine Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa, ya kai ajin manya garuruwa da ƙauyuka. Da yamma ake zama, bayan an taso daga gona ko kasuwa, malamin kuma ɗan garin ne da aka ɗan horar. Hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, ta Katsina ita ce Himma. Magidancin da ya koyi karatu a wannan aji yana iya karanta takardar harajinsa, ya duba abin da malamin sikeli ya rubuta masa ranar sayar da auduga. Wannan shi ne ilimin ma'aikata mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar Hausa, ko da yake ba da wannan suna aka kira shi ba, kuma darasin da ke cikinsa bai tsufa ba: an yi shi da Hausa, a inda mutane suke, a lokacin da suke da sarari, ta bakin wanda suka sani. Abin da ya rasa shi ne ɓangaren haƙƙi. Gwamnati da En'e ba za su koya wa talaka yadda zai ja da su ba.

Shekarun 1970 da 1980 su ne lokacin da mai albashi ya yawaita a Katsina. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, shirin ilimin firamare kyauta na wannan shekarar ya sa aka ɗebi malamai birjik. A 1982 aka buɗe kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina, ɗaya daga cikin uku da aka gina tare da na Jos da na Oshogbo, ya tara injiniyoyi da masu aikin hannu daga ko'ina a ƙasar. A watan Satumban 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ma'aikata suka kwaso daga Kaduna, unguwannin bayan ganuwa suka cika. A tsakiyar wannan ne gwamnatin soja ta sake fasalin ƙwadago a 1978: ta narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi suka koma 42, ta kafa NLC a matsayin uwa ɗaya tilo, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko, ta kuma wajabta cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Wannan ya ba ƙungiyoyi ƙarfin da ba su taɓa samu ba, kuma da shi suka ƙwato mafi ƙarancin albashi na naira 125 a 1981. Sai dai ya zo da wata illa da ba ta bayyana nan take ba. A da, sakataren ƙungiya sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen wata, ya yi musu bayani, ya saurari ƙorafinsu, kafin su sa hannu a aljihu. Yanzu akawun albashi ne ke cirewa ya tura. Sabon malamin da aka ɗauka yakan zama ɗan ƙungiya ba tare da wani ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa abin da ƙungiya take ba. Yana ganin wani ɗan layi a takardar albashinsa, shi ke nan. Ƙungiya ta daina buƙatar shawo kan mutum, kuma wanda ya daina shawo kan mutane yakan manta yadda ake yi.

Daga nan ƙasar da aka yi ginin a kanta ta fara zaizayewa. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar albashi. Kamfanin ƙarafa, wanda ya dogara da ɗanyen ƙarfe daga Aladja, ya yi ta tafiyar hawainiya har aka sayar da shi ga kamfanin Dana a tsakiyar shekarun 2000. Masaƙun Kaduna da Kano, inda Katsinawa da yawa suka yi aiki, suka riƙa rufewa, masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002. Mutane ba su daina aiki ba, aikin ne ya canza kama. Acaɓa ta cika gari, Keke Napep ta biyo baya daga 2001, wayar salula ta haifar da masu gyara da masu caji da masu sayar da kati, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna yadda gari ya dogara da masu POS. Ta'addancin 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa ya koro manoma zuwa birni, manomin da ya yi shekara talatin yana riƙe da garma ya koma tura baro ko ga-ruwa. Ga 'yan ci-rani daga ƙasar Maraɗi. Ga kuma waɗanda suka gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Alƙalam ko kwalejin Hassan Usman, suna tuƙa Keke da digiri a aljihu. Hatta a cikin aikin gwamnati an samu sabon aji, matasan N-Power daga 2016 da na S-Power na jiha, waɗanda suka riƙa koyarwa a aji ɗaya da malamin dindindin a kan alawus, babu fansho, babu ƙarin girma. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana a 2023 cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba sa cikin aikin da ke da rajista da ƙa'ida. Ita kanta dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta cire duk wurin da bai kai ma'aikata 25 ba, wanda ke nufin yawancin ƙananan makarantun kuɗi da shagunan magani da gidajen burodi ba ta shafe su ba.

Mata su ne suka fi daɗewa a wajen lissafi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa a kudu da birnin a shekarun 1960, ta bayyana yadda matan kulle ke gudanar da cikakkiyar kasuwa daga cikin gidaje, hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci, yara na kai da kawowa. Wannan kasuwa ba ta mutu ba, ta ƙaru da keken ɗinki da injin markaɗe da tallar kaya ta WhatsApp. A ɗaya gefen, mata sun yawaita a aikin jinya da unguwarzoma da koyarwa, wato a ainihin sassan da ƙungiyoyin ƙwadago suka fi ƙarfi a jihar. Amma taron da ake sawa bayan la'asar a ja shi har magariba, a ɗakin da maza suka cika, ba taron da matar aure mai goyo za ta zauna ba ne. Tana biyan kuɗin ƙungiya daidai da namiji, buƙatunta kuwa, irin su hutun haihuwa da wurin ajiye jariri da tsaron lafiyarta a aikin dare, sai a ƙarshen takarda suke zuwa.

Masu ja da wannan magana sukan ce ƙungiyar ƙwadago da mai gida take ciniki, wanda kuwa yake cin gashin kansa ba shi da mai gida, to da wa za a yi yajin aiki? Hujja ce mai nauyi, amma rabin gaskiya ce. Direban Keke da ke kai balas kullum yana da mai gida, sai dai ba a rubuta komai tsakaninsu ba, ranar da ya yi ciwo ko injin ya buga shi ke ɗaukar asara. Wanda ke zaune a rumfar POS sau da yawa yaron wani ne. Waɗanda kuma da gaske ba su da mai gida suna da wanda za su zauna da shi: ƙaramar hukumar da ke karɓar haraji, hukumar tsara birni da ke tashin rumfuna, bankin da ke yanke caji, jami'in da ke tare hanya. An kuma gwada an gani. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu mai hedkwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya fito daga cikinta, da ta ga masaƙu na mutuwa sai ta juya ga teloli masu zaman kansu ta shigo da ƙungiyoyinsu cikinta. A Indiya, ƙungiyar SEWA da Ela Bhatt ta kafa a Ahmedabad a 1972 daga cikin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta fito, ta tara mata masu talla da masu aiki a gida har mambobinta suka haura miliyan. A duka wuraren biyu, tunda babu takardar albashi da za a cire kuɗi, dole aka koma bin mutane ana yi musu bayani.

Wata hujjar ta fi wannan ciwo. Ana cewa ai waɗannan mutane suna da ƙungiyoyinsu, ga NURTW ta direbobi tun 1978, ga ta 'yan acaɓa, ga ta masu Keke, kuma kowa ya ga abin da da yawa daga cikin irinsu suka zama a faɗin ƙasar: sayar da tikiti da tara jama'a ranar kamfen. Duk wanda ya san tasha ya san tana da tsari na gaske. Akwai allon layi da ake rubuta lambar mota, ba mai lodi sai layinsa ya zo, ɗan kamasho na kiran fasinja, in aka manta kaya a mota a ofishin ƙungiya ake samunsa, in direba ya yi haɗari a wani gari 'yan ƙungiyar can ke tsaya masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mamban da ya san yana da ikon tambayar inda kuɗin tikitinsa ya tafi, wanda ya taɓa ganin tsarin mulkin ƙungiyarsa da harshen da yake ji, wanda ya san yaushe wa'adin shugaba ke ƙarewa. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗi kullum daga mutanen da ba a koya musu haƙƙinsu a cikinta ba, ko ba jima ko ba daɗe za ta zama mallakar masu riƙe da littafin tikiti. Saboda haka wannan hujja ba ta rushe batun koyarwa ba, ita ce ma babbar shaidarsa.

Sai masu cewa bambancin ya yi yawa, ba za a iya haɗa ɗan boko da almajiri, ɗan birni da ɗan gudun hijira, Musulmi da Kirista, ɗan ƙasa da ɗan Nijar a inuwa ɗaya ba. Tarihin Kano ya amsa wannan. Paul Lubeck, wanda ya yi nazarin ma'aikatan masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, ya tarar da yawancin leburorin 'yan ƙauye ne, da yawansu kuma ta hanyar almajiranci suka shigo birni. Waɗannan mutanen da ake ganin ba su san ƙungiya ba su ne suka tashi tsaye a 1971 da masu kamfanoni suka yi jinkirin biyan ƙarin albashin da aka fi sani da na Adebo. Abin da suka zo da shi daga tsangaya, na zaman tare da sanin cewa haƙƙin ɗan ƙwadago abu ne da addini ya tsananta a kansa, shi ya zama makaminsu. Bambanci yana raba ma'aikata ne a inda ƙungiya ta zaɓi harshe ɗaya da lokaci ɗaya da irin mutum ɗaya ta ce shi ne ma'aikaci. A Katsina ma an fi ko'ina sauƙi, domin Bayarabe mai gyaran mota da ɗan ƙabilar Igbo mai sayar da kayan gyara da Ba'adare mai shayi duk da Hausa suke ciniki.

Ba a rasa ilimin ma'aikata a Nijeriya ba. Akwai cibiyar nazarin ƙwadago mai sunan Michael Imoudu a Ilori, NLC kuma tana da makarantunta na damina da na hunturu da take tara wakilai. Amma waɗannan na shugabanni ne, da Turanci ake yin su, kuma sai mai ƙungiyar da za ta biya masa kuɗin mota da masauki ke zuwa. A ɗaya ɓangaren akwai koyon sana'a, a ƙauyen koyar da sana'o'i na matasa da gwamnatin jiha ta kafa, da kuma gareji da shagunan teloli inda tsohon tsarin zaman koyo ke nan da ransa. Yaro na farawa da wanke sifana da miƙa wa maigida kayan aiki, ya kai ga kwance taya, ya kai ga buɗe inji, har ranar da za a yaye shi. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili babba da ba mai nomansa. Ba mai gaya wa wannan yaron cewa Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na ba da takardar gwajin sana'a mai matakai uku wadda za ta iya buɗe masa aikin kamfani. Ba mai gaya wa malamar makarantar kuɗi cewa dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Leburan da ya faɗo daga bene bai san akwai dokar biyan diyyar rauni a wurin aiki ta 2010 ba. Direban da ya karɓi Keke a kan biya sannu a hankali bai iya lissafa nawa zai biya gaba ɗaya ba idan aka gwada da kuɗinta a kasuwa. Wanda ya ce ilimi ba ya cika ciki, ya dubi waɗannan, kowannensu kuɗi ne a aljihun talaka. Kuma ba sa buƙatar otal. Gidajen rediyon Katsina da saƙon murya a waya da rumfar gareji bayan sallar la'asar sun isa, in akwai wanda aka horar daga cikin 'yan sana'ar kansu, mace ga mata, kanike ga kanikawa.

Saura tambayar da malamin makaranta zai yi, kuma yana da gaskiyar yin ta: don me za a ɗauki kuɗin da ake cira daga ɗan albashinsa a kashe wajen koyar da wanda ba ya biya? Amsar tana cikin tarihin yajin aiki. A watan Janairun 2012, da aka cire tallafin mai, abin da ya tilasta wa gwamnati ja da baya ba rufe sakatariyoyi kaɗai ba ne, kasuwanni da tashoshi da tituna ne suka tsaya tare da su. Bayan cire tallafin a watan Mayun 2023, ƙungiyoyi sun yi ta kai ruwa rana har aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024. Nasara ce ga masu albashi, amma mai faci da mai ɗinki sun sha tsadar man ba su ga ƙarin ba, kuma gwamnatoci sun iya amfani da wannan, suna cewa ma'aikata 'yan tsiraru ne da ke cinye kason jama'a. Muddin mai Keke na kallon yajin aiki a matsayin ranar da fasinja ya ragu, ƙarfin cinikin malamin makaranta raguwa zai riƙa yi. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 2005 kuma ta riga ta mayar da shiga ƙungiya ganin dama, wanda ke nufin ko a cikin masu albashin ma lokacin shawo kan mutum ya dawo.

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke gina shi. In ya kammala, birnin zai samu abin da ya rasa a zamanin Turawa, tare da irin ma'aikatan da jirgi ke tarawa: masu lodi da sauke kaya, masu gadi, masu ɗakunan ajiya, direbobin da za su kwashi kaya daga tasha, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar. A yadda ake ɗaukar aiki a yau, da yawansu ta hannun 'yan kwangila za su shigo, a kan biyan kullum ko na mako, kuma babu akawun da zai cire wa wata ƙungiya ko kwabo daga kuɗinsu.